Ɓera a Teburin Don Kornelius

Tun daga gonar Ña Eulogia warin ke bin Edelio. Ya ɗaure akwatin wutar injin sanyaya madara a bayan babur, amma zafin yankin Chaco sai ƙara dafa abin da ke ciki yake yi. Wani ɓera ne ya shiga ya kwanta a kan wayoyi, ya ƙone, ya lalata rizista ɗaya, abin da ke rage ƙarfin wuta, irin babbar nan mai naɗin waya. Madarar safe na can cikin tanki tana ɗumama. In ta yi tsami kafin motar kamfani ta iso, sai dai Ña Eulogia ta zuba wa aladu.

Ya tarar da maigidansa, Don Kornelius, a shago yana cin nama da rogo a kan teburin aiki, maiƙo har gwiwar hannu.

"Maigida, a ba ni rizista wirewound ɗaya."

"Ba mu da ita."

"Ga durowoyi nan cike a bayanka."

"Injin daga Jamus ya zo, kayan ma haka. Ka kira ta da sunanta, ɗan waya. Turancin bidiyo ba ya buɗe durowa a shagon nan."

Edelio ya san Widerstand, ita ce rizista da Jamusanci, kullum yana jin ta. Sauran sunan ne ya ɓace masa. Kuma an hana shi taɓa durowoyin tun ranar da ya fara aiki.

"Madarar mutane za ta lalace, maigida."

"Da ka zauna a makaranta da ba ta lalace ba." Tsohon ya tsotse yatsa, ya sa farce yana sakace.

Edelio ya je ya kwanto kayansa daga bayan babur. Ya ɗora akwatin dab da farantin, ya kwance murfin a hankali.

"To duba da kanka. Wataƙila ni ban gane ta ba."

Cikin ɓeran ya riga ya fashe. Ƙudaje suka bar naman suka koma kansa, wasu suka sake dawowa kan naman.

Don Kornelius ya ture kujera baya, hannu a hanci. "Drahtwiderstand. Durowar sama, hagu. Ɗauka ka fitar min da ƙazantar nan."

Injin ya tashi a kan lokaci, motar kamfani ta karɓi madarar. Sunan kuwa ya zauna wa Edelio daram, sai dai duk sanda ya faɗe shi sai ya tofar da yawu.