Daƙiƙa Tara a Ƙarƙashin Yaya

Ni ma ban iya wuce madubin shagon aski ban saci kallon sanƙona ba, saboda haka ba ni da bakin yi wa Likita dariya.

Likitan haƙori ne, shekara hamsin da biyu, yana da ɗan jirgin sama mai kujera biyu wanda ya girmi aurensa. Yayan matarsa, tsohon alƙali, shi ma yana da nasa a rumfar da ke gefe. Shekara ashirin da zama surukai, har yau Yaya kallonsa yake kamar wanda aka ba beli bisa kuskure.

Matar Likita, wadda Yaya ke kira Auta, ita ce ta kawo shawarar. Tana son hoton jirgin mijinta a sama, ta rataye a ɗakin jira, ko masu ciwon haƙori za su sami abin kallo. Za ta shiga jirgin Yaya da kyamara, Likita ya matso kusa.

Da safe Yaya ya cire takalmansa biyu ya jera a kan teburin bakanike.

"Wannan ni ne, ni ke kallon hanya. Wannan mai cinyayyiyar dunduniyar kai ne. Ba ruwanka da gari, ba ruwanka da agogo, ni kaɗai za ka kalla. In na ɓace maka, ko ƙiftawar ido ce, ka faɗa a rediyo ka yi ƙasa ta dama. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

"Haka ka ce ranar da na ba ka aron mota."

Bakanike, yana goge hannu, ya tuna musu cewa fiffiken Likita a saman kansa yake, na Yaya kuwa a ƙarƙashin kujera. Likita ba ya ganin abin da ke samansa, Yaya ba ya ganin abin da ke ƙasansa.

"Mun sani," in ji Yaya.

Minti goma na farko Likita ya yi abin a yaba. Ya kafa wa jirgin Yaya ido har wuyansa ya ƙage. Yana hango matarsa ta taga tana yi masa alamar ya gyara hula.

Sai suka zo saitin unguwarsu. Can ƙasa akwai sabon asibitin haƙori da wani ya buɗe kusa da nasa, kuma wata uku ke nan Likita yana son sanin motoci nawa ke tsayawa a ƙofarsa. Ya leƙa. Bakwai.

Da ya ɗago, babu Yaya.

Hagu, sarari. Gaba, sarari. Sama kuwa fiffikensa ne ya rufe. Yatsansa na kan maɓallin rediyo, kalmomin na bakinsa, amma sai ya ji muryar Yaya a kowane zaman dangi har ƙarshen rayuwarsa: abu ɗaya na ce ya kalla. Ya ce a ransa bari ya ɗan jira, yanzu zai bayyana. Ya miƙa wuya. Ya ƙidaya har tara.

Inuwa ta rufe masa gilashin gaba. A lokacin ya tuna wadda ke zaune cikin abin da ke yin inuwar.

"Yaya, ban gan ka ba. Na yi ƙasa ta dama."

Ya tura sitiyari gaba da ƙarfi. Jirgin ya ɗan girgiza, ya ce iska ce.

Ta rediyo Yaya ya ce, "To. Mu koma."

A bakin rumfa Likita ya tsaya yana jiran hukunci. Yaya ya sauko a hankali, ya daɗe yana gyara hannun riga.

"Auta ce ta ce na yi nisa, hoton ba zai fito ba, sai na ɗan sauko. Ban faɗa ba." Ya yi gyaran murya. "Ka yi daidai da ka yi magana a kan lokaci."

Shekara ashirin Likita bai taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Ya ga babu amfanin ɓata shi da zancen motoci bakwai.

"Ai da sauran tazara, Yaya."

"Sosai. Ta kai tsawon mota uku."

"Ko huɗu."

Matar tana zaune kan durom, kyamara a cinya, ta riƙe hannun mijinta ta ƙi saki.

Bakanike ya jingina tsani ya hau don zuba mai. A saman fiffiken Likita akwai baƙin sawun taya, tsawon taƙi biyu.