Injin Askin Uwar Maza

"Sunkuyar da kan nan, Malam, nan ba aji ba ne," in ji Uwar Maza, ta danna ƙeyar ɗanta na tsakiya da yatsu biyu.

Malam ya sunkuya. Mutum mai shekara arba'in da biyar, shugaban makaranta guda, ga shi zaune a kan 'yar kujerar katako a barandar uwarsa, an ɗaure masa tsohon zane a wuya. Injin aski ya taso daga ƙeya yana ƙugi, ya yi sama, sai hannun tsohuwa ya yi rawa ya goce. Kafin ta ɗaga shi ya share hanya guda tas, daga bayan kunne har tsakar ka.

Mai Ɗinki, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su shekara talatin, ita ke riƙe da madubi kamar kullum. Ta yi maza ta kife shi a cinya.

"Inna, me ya faru?" Malam ya tambayi Mai Ɗinki, don haka yaran gidan ke kiranta.

"Ba komai, ɗan nan. Titi aka buɗe maka."

Aka yi dariya, har da Uwar Maza, amma Mai Ɗinki ta ga yadda ta ajiye injin ta ɓoye hannun a cikin mayafi. Tun da take, ba ta taɓa ganin hannun nan ya kuskure ba.

Askin nan ya samo asali ne tun rasuwar maigidanta, da ya bar ta da yara maza uku da wani tsohon injin hannu. Ta koya a kan kawunansu, suna kuka tana zagi. Yara suka girma, suka yi aure, suka tara iyali, kowa da gidansa a wata unguwa, amma duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai sun kawo mata kawunan nan. Babba direban babbar mota ne, sanƙo ya cinye masa kai tun da daɗewa, ɗan abin da ya rage a gefe bai fi a tsince da hannu ba. Duk da haka sai ya zauna an ɗaura masa zane an zagaya da inji, don kar ya ji an ware shi. Auta kuwa mai gyaran wutar lantarki ne, shi ya kawo injin zamani, shi ke wasa masa baki.

Matsalar ɗaya ce, kuma Mai Ɗinki ta san ta ciki da bai. Shekara biyu ke nan Babba da Auta ba sa zama inuwa ɗaya. Wata rana ce ana cin abinci a gidan Auta, Babba ya saki baki a gaban matar Auta da 'ya'yansa, ya ce wannan da kuke gani ni na sha wanke masa wandon fitsari. Auta ya ajiye cokali ya ce, "Kai ba ubana ba ne." Shi ke nan fa. Tun daga ranar Babba ke zuwa aski da sassafe, Auta sai da yamma, Malam a tsakiya yana kai saƙo yana kawowa kamar ɗan aike.

Da Malam ya tafi, hula a danne har gira, Uwar Maza ta jawo kujerarta mai matashi ta zauna tana haki.

"Likita ya ce zuciyar ce ta gaji," ta ce. "Hannun ma ita ke aiko masa."

"Haba Yaya, ki daina irin wannan magana."

"Ke dai rufe mini baki. Mutuwar ba ta dame ni ba. Na ci, na sha, na ga jikoki goma sha ɗaya, me ya rage?" Ta nuna 'yar kujerar katakon da haɓa. "Wannan ce damuwata. Ran da na kwanta dama, kowa zai nemi mai aski a bakin layinsu. Babba da Auta kuwa sai dai su riƙa jin labarin juna a bakin mutane. Ni ce igiyar, kuma igiyar ta tsufa."

Mai Ɗinki ta san gaskiya ce tsagwaronta. Sai ta ɗauki tsintsiya ta share gashin Malam.

Da wata ya zagayo, Uwar Maza ta sa aka buga wa kowannensu waya, ta ce ƙarfe goma na safe take so, wai likita ya hana ta aiki da sassafe ya kuma hana ta da yamma. Ranar tun ƙarfe tara ta leƙa ta kan katanga ta kira Mai Ɗinki, ta ce ta zo da ƙyallaye. Suka naɗe hannun daman tsohuwa tun daga yatsu har gwiwar hannu.

"Ƙara," in ji tsohuwa.

"Yaya, ya fa koma kamar matashin kai."

"Na ce ki ƙara. Yaran nan ba sa ganin abu sai ya yi girma."

Babba ne ya fara isowa, sai Malam. Da Auta ya turo ƙofa da babur ɗinsa ya ga wanda ke zaune, sai ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ya gaida uwarsa, ya gaida Inna, ya gaida Malam, ya ɗaga wa Babba kai kawai.

"Mama, me ya sami hannun?" suka tambaya kusan tare.

"Tsufa ya same shi. Auta, zauna. Babba, ɗauki injin."

Mai Ɗinki ta ƙanƙame madubi.

"Mama, ni fa ban iya ba," in ji Babba.

"Motar da ta fi gidan nan tsawo kana juya ta, kan ƙaninka ne zai gagare ka?"

"Ki bari kawai, Mama," in ji Auta, "na biya shago a hanya."

"To, biya. Ga ƙofa nan, ai ba a rufe take ba." Ta gyara zama, muryarta ta sauka. "Ni dai tun kana wata huɗu nake taɓa kan nan. Na so in ga hannun da zan bar wa shi."

Auta ya jingine babur, ya zo ya zauna, wuya a sandare. Malam ya ɗaura masa zane. Babba ya kunna inji ya riƙe shi da hannu biyu kamar sitiyari.

"Hannu ɗaya, kai! Ɗayan ka tallafe goshinsa. Daga ƙasa zuwa sama. A hankali, ba tsere ake ba."

Babban tafin hannun Babba ya sauka a goshin Auta. Gashi ya fara zubowa kan zane. Ba mai magana sai tsohuwa, tana ba da umarni daga kujera, tana nuni da ƙaton hannunta na ƙyallaye.

"In ka zo bayan kunnen hagu ka ɗaga hannu, akwai tabo."

"Na san shi," in ji Babba can ƙasa. "Ni na yi shi."

"Ka ce mini keken yana da birki," in ji Auta, bai ɗago ba.

"Yana da shi mana. Ba ya dai kamawa."

Malam ya fashe da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Babba ya ci gaba, ya zagayo gefen dama, sai kuma ya kashe inji. Ya sa yatsa ya shafa wajen, ya sunkuya ya duba da kyau.

"Auta. Furfura ce wannan?"

"Ita ce."

"Yaushe ka yi furfura?"

"Tun bara waccan, Yaya. Ba ka duba ba ne."

Babba ya tsaya da inji a hannu, yana kallon farin gashin nan a kan yaron da ya goya. Wallahi tausayi ya kama Mai Ɗinki, ƙaton mutum haka ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ashe ka girma," ya ce. "Bakina ne ba shi da birki shi ma. Ka yi haƙuri."

Auta ya saki wuyansa, ya bar nauyin kansa a tafin hannun yayansa, aka ƙarasa aski.

Kai, askin bai yi kyau ba ko kaɗan! Gefe ɗaya tudu, gefe ɗaya kwari. Da Mai Ɗinki ta ɗaga madubi, Auta ya juya kai hagu da dama ya ce, "Zo, Yaya. Zauna. Yau zan rama." Babba ya zauna, Auta ya zagaya sanƙon sau biyu yana neman inda zai fara, ya ce shi fa bai ga aikin yi a nan ba sai dai a kawo tsumma a goge. Uwar Maza ta yi dariya har da tari, har ta manta ta ɗauki kofin shayi da hannun da aka ce ba ya motsi. Malam ya gani, ya kalli Mai Ɗinki, ita kuma ta kalli rufin kwano.

Asabar ɗin aski biyu ta ƙara gani bayan wannan. Ta farko tana kujera tana faɗa, ta biyu kuwa daga gado, an buɗe mata ƙofar ɗaki don ta hango baranda. Ba wai komai ya koma daidai ba ne, Babba da Auta sun taɓa yin cacar baki a kan wanda ya bar injin ba mai, amma a baranda ɗaya suka yi ta, kuma tsohuwa ta ce wannan ƙarar ta fi mata maganin likita.

Wata Talata da hantsi Mai Ɗinki ta shigo da zanen askin, wanda Uwar Maza ta ba ta ta yi wa bakinsa kalmasa don ya fara zarewa. Matar Malam, da ke kwana da ita a makon, tana wanke-wanke a bayan gida. Tsohuwa na kishingiɗe, ta sha rabin shayinta.

"Kin ninka bakin sau biyu?" ta tambaya.

"Sau biyu, Yaya."

"Madalla. Zai kai su." Ta shafa ɗinkin da babban yatsa tun daga wannan gefe har wancan. "Bari in ɗan runtsa."

Mai Ɗinki ta zauna a bakin gado tana ba ta labarin wata mai kawo ɗinki da ba ta san awon kanta ba. Sai da ta kai ƙarshen labarin ba ta ji dariya ba, sannan ta duba. Zanen na nan a hannunta, fuskarta sumul. Allah ya ji ƙanta, ko shayin bai gama hucewa ba.

Aka kai ta makwancinta, aka yi kwanaki ana shiga ana fita, sannan mutane suka watse, aka sa wa gidan kwaɗo.

Asabar ɗin ƙarshen wata Mai Ɗinki ta zauna gaban keken ɗinkinta tun ƙarfe tara, ta sa zare, amma ba ta taka ba. Goma ta yi. Goma da kwata. Ba motsin komai a bayan katanga sai kukan tattabaru. Ta ce a ranta, shi ke nan, Yaya, mun yi iya yinmu. Ta share ido da gefen mayafi ta ɗora ƙafa a kan keke.

Sai ta ji ƙarar kwaɗo. Ta ji tarin Babba, ta ji muryar Malam, can kuma babur ya tsaya. Aka ja 'yar kujerar katako a kan siminti.

"Wa ya ce kai za ka fara?"

"Ni ne babba."

"Babba a shekaru. A gashi fa?"

Injin ya kama ƙugi. Jim kaɗan wani kai mai tudu da kwari ya leƙo ta kan katanga.

"Inna, madubi muke jira."

Ta je ta riƙe musu. Ba wanda ya zauna a kujera mai matashi, ba kuma wanda ya matsar da ita daga inda take. Da suka gama suka shiga ciki suna gardamar wanda zai dafa shayi, Mai Ɗinki ta ɗauki tsintsiya ta tara gashin wuri guda a gaban kujerar, baƙi da fari a cakuɗe, ba a gane na wane da wane.