Warkin Baba

Kwana biyu kafin Baba ya rasu, ya riƙe hannuna a gadon asibiti ya ce akwai wani farin warki na fata a ƙasan akwatinsa, cikin babban ambulan.

"Kaneng, in na tafi a sa min shi a akwatin gawa. Akwai lambar waya a jikin ambulan ɗin, ki kira."

Na ce to. Ni nas ce, na sha jin marasa lafiya suna barin wasiyya iri-iri, ban ma tambaye shi ko na mene ne ba. Da na san rigimar da wannan "to" ɗin za ta jawo min, da na zauna ya yi min bayani da bakinsa.

Ranar Litinin ya cika, a watan Maris na 2014. Talata da hantsi Anti Elisabet, yayar Baba, ta taso daga Port Richmond, ta hau jirgin ruwa ta hau na ƙasa, ta iso gidanmu a unguwar University Heights, nan Amurka, wai za ta zaɓi kayan da za a sa masa. Ni kuma na fita cike takardu a gidan da ake shirya gawa. Na dawo na same ta zaune a tsakar falo, Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinyarta, warkin a shimfiɗe kan jarida, ga reza a gefe. Ta farke ɗinkin bakinsa tun daga wannan kusurwa har waccan, ta raba fatar da shafin yadin da ke bayanta.

Na tambaye ta me take nema. Ta ce laya. Ai a wurinta duk fatar da aka ɗinke aka ɓoye a ƙasan akwati, to da abin da aka cusa a ciki, ko rubutu ko gashi ko ƙashin wani abu. Ba ta sami komai ba, amma hakan bai kwantar mata da hankali ba. Ta ɗaga marfin warkin ta nuna min rubutun da ke ƙarƙashi: sunan Baba, Mang, da ranaku uku, da sa hannun wasu mutane. Ta ce ranakun da ya sha jini ke nan. Ta san 'yan Mason, tun a Jos ake faɗin su, 'yan ƙungiyar asiri ne, kuma gobe za ta kai abin a ƙona.

Raina ya ɓaci. Baba fa! Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa bas, wanda ko kaza aka yanka sai ya kau da kai. Amma ba zan yi ƙarya ba, ni ma na tsorata. Ni ma a Bukuru na girma, irin labaran da ta ji na ji. Na san duk Alhamis ta biyu a wata yana sa baƙar kwat ya ce ya tafi mitin, ban taɓa tambayar mitin ɗin me ba.

Na tattara warkin na cusa a jaka. Anti ta ce in ajiye. Na ce mata da girmanta da komai, amma ba za a ƙona shi ba sai na ji da kunnena.

Na kira lambar da ke jikin ambulan ɗin. Wanda ya ɗauki wayar wani dattijo ne baƙar fatar Amurka, Mista Pruitt, ya ce in same shi da ƙarfe huɗu a Harlem. Wurin na bayan titin 125, hawa na biyu a saman wani shagon aski. Ina hawa matakala ina karanta Zabura a zuci, na riga na shirya ganin jan kyalle da ƙoƙon kai. Abin da na tarar shi ne kujerun ƙarfe, da hitar ɗumama ɗaki mai ƙara, da wani tsoho, Mista Pruitt ɗin, yana jera gwangwanayen abinci a kwali na rabon sadaka. Kunya ta ɗan kama ni, amma ban sassauta ba. Na ajiye warkin a tebur na ce ya gaya min abin da ubana ya shiga.

Ya daɗe yana kallon inda aka farke kafin ya yi magana. Ya ce asalin abin na magina ne, masu sassaƙa dutse a Ingila da Sikotlan ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Suna ɗaura fatar rago don kada dutse ya ci musu tufa, suna da rumfar da suke taruwa a gefen gini, suna da alamun da baƙon magini zai nuna a san ya iya aikin da gaske. Daga baya waɗanda ba magina ba suka shiga, aka bar dutsen aka riƙe kayan aikin don koyarwa. Sikwaya ta auna kusurwa, a ce mu'amalarka ta miƙe. Cokalin gini, a ce ka haɗa mutane yadda siminti ke haɗa bulo. Labarin ginin haikalin Sulemanu da suke yi a bikin shiga, ya ce shi dai a saninsa wasa ne na koyarwa, ba ya rantsuwa cewa daga can suka fito. Ranakun uku kuwa, ranakun da Baba ya hau matakansu uku ne.

Na ce, to, asirin fa? Bai yi min kwana-kwana ba. Ya ce akwai kalmomi da irin gaisuwar da ya yi alkawarin ba zai faɗa ba, kuma ba zai faɗa min ba. Hakan ya ba ni haushi, sai dai ya fi min a ce babu komai.

Sai ya dafa warkin ya ce wannan shi ne na farko da ake ba mutum ranar da ya shiga, fari fat, ba ado. A wurinsu ba a yawo da shi, ajiyewa ake yi. Ana gaya wa mutum ya yi ƙoƙari rayuwarsa ta zama kamar haka, ranar da ya mutu a ɗora masa.

"Shekara goma sha bakwai babanki yana adana shi saboda Juma'ar nan," in ji shi. "In kina so mu ba shi sabo, akwai."

Na ce a'a, nasa za a sa masa.

Washegari na zauna bakin taga da allura da farin zare. Fatar rago laushi gare ta, in ka ja da ƙarfi ta yage, sai na riƙa bin tsoffin hudojin ɗaya bayan ɗaya. Anti na kujera tana kallona. Na gaya mata duk abin da na ji, har da abin da aka ƙi gaya min. Ta ce ai shi ke nan, abin da ake ɓoyewa ba na Allah ba ne. Na ce Fasto ya yarda zai yi addu'arsa ya gama, abin da su Mista Pruitt za su yi bayan nan ba ruwansa. Ta ce Fasto yaro ne.

"Kaneng, in wannan abin ya shiga ramin, ni ba zan tsaya a bakinsa ba. Kuma ki san abin da za ki gaya wa mutanen gida."

"Anti, ni ya roƙa, kuma na ce masa to."

Ba mugunta ce ta sa ta ba, na sani. Ita ta goya Baba, tsoro take kada ƙanenta ya je gaban Ubangiji da abin da za a kore shi. Na ji tausayinta ƙwarai, amma ban ajiye allurar ba.

Ranar Juma'a a maƙabarta, Fasto ya rufe addu'a ya ja da baya. Tsofaffi shida suka matso, baƙaƙen kwat, fararen safar hannu, kowanne da ɗan reshen ganye kore a aljihun gaba. Anti ta juya ta nufi mota. Mutanen cocinmu suka dubi juna, suka bi ta da ɗaiɗai da bibbiyu, har matar da ke riƙe da hannuna ta sake ni. Kafin Mista Pruitt ya buɗe baki, ni kaɗai ce 'yar Filato a bakin ramin.

Shi ya kamata ya ɗora warkin, haka tsarinsu yake. Ya zaro shi, ya dubi ɗinkina, wanda ko makaho ya shafa ya san ba na gwani ba ne, sai ya miƙo min. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa na shimfiɗa shi a kan akwatin, na gyara igiyoyinsa. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ajiye ganyen, suna kiransa ɗan'uwa.

Da na ɗago na hango Anti ta gilashin mota, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na girgiza. Ba ta ga an sauke ƙanenta ba, kuma ni na jawo mata. Shekara huɗu ke nan ba ta ɗauki wayata ba. Duk Lahadi bayan coci ina kira.