Tsamiyar Inna Sai da Gashi

Tun ranar da Habibu ya kira ya ce zai zo Sallar Layya, Tani ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Duk wanda ta gamu da shi a Madarumfa sai ta gaya masa: mai kifi a bakin tabki, mai injin niƙa, har matar da ta shigo aron rariya. "Yayana na nan tahe!" Mijinta Mahaman ya ce saura jakin maƙwabta ne kawai bai ji labari ba. Ta ce kada ya damu, jakin ta fara gaya wa.

Ba laifinta ba ne. Habibu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, mazaunin Agadas, kuma rabonsa da gida tun rasuwar Innarsu. Yana kan hanya ta cika, ya iso an riga an kai ta. Ya leƙa ɗakinta, ya fito, ya tada mota. Daga nan kowace Sallah sai dai rago ya sauka a ƙofar gidan iyayensu, inda ƙanwar babansu, Gwaggo Dije, take zaune. Rago kan zo da ƙiba da ƙaho, mai shi ba ya zuwa. Mahaman ke yankawa, shi ke rabawa, alhali dangi duk sun san wuƙar rabo ta babban ɗa ce.

Bana ma da sharaɗi ya ce zai zo. Zai yi Idi, ya yanka, ya ci hanta, kafin la'asar ya koma Maraɗi inda ya bar mota da kaya. Nan ne zancen ya tsaya wa Tani a wuya. Ranar Idi ai ba a taɓa naman rago. Hanta ake ci da kayan ciki. Shi ragon, baje shi ake yi a kan itatuwa, a jingina shi ga wuta ya yini yana gasuwa, sai washegari a sauke a raba wa dangi da maƙwabta. Wanda ya tafi da la'asar hayaƙi kawai ya sha. Tani ta ƙudura a ranta sai Yaya ya kwana a gidan nan, ya raba ragonsa da hannunsa.

To, da me za ta riƙe shi? Kuka dai ba ya kama Habibu, ƙara masa gudu yake yi. Abin da Allah ya hore mata shi ne abin sha. Shi take sayarwa a bakin tasha, kuma an san ta da tsirfa: a wurinta kowane abinci da ruwansa. Ta taɓa hana wani bafatake kunun aya don ta ga yana cin soyayyen kifi da yaji. Ta ce masa zai ɓata kifin, ya ɓata kunun, ya ɓata mata suna. Mutane suna cewa iyayinta ya yi yawa, amma gobe za ka gan su a gabanta suna tambayar abin da ya dace da tsirensu.

Jajiberin Sallah tsakar gidan Gwaggo ya koma kamar kasuwa. Mahaman ya kawo lemun tsami da na'ana'a daga lambunsa na bakin tabki, aka ce na'ana'ar ta tsufa, ya koma ya tsinko ta sama-sama. Tani tana daka citta tana waƙa, tana tace zoɓo tana ɗanɗanawa, harshenta ya yi ja wur. Gwaggo tana daga kan tabarma tana cewa su a zamaninsu fura da nono ne, kuma babu wanda ya mutu.

Da ta gama da waɗannan, sai ta shiga ɗakin Inna, wanda ta share ta shimfiɗa wa sabuwar tabarma ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta fito da tsohon tulu. Ta wanke shi, ta shanya, ta kifa shi a kan garwashi da kajiji har ƙamshin ya kama cikinsa. Sannan ta jiƙa tsamiya mai yawa da dakakkiyar goriba, ta sa ɗan masoro, sukari kuwa kamar ana rowa. Wannan ita ce tsamiyar Inna. Sau ɗaya Inna take yin ta a shekara, kuma ba ta buɗe tulun sai ranar da aka sauke gashi. Habibu yana yaro har dukan ludayi ya sha a kanta. Dabarar Tani ke nan: ta bar shi ya ji ƙamshi, in ya miƙo hannu ta ce, sai gobe.

Habibu ya iso da hantsi a kan aron babur, daidai fita Idi. Da aka sauko, Tani ta tare shi tun daga zaure. Ya yi furfura a gemu, ya rame kaɗan, amma dariyar tana nan.

"Yaya! Ashe kana gane hanyar gida?"

"Ke dai ba ki bar surutu ba, Tani. Barka da Sallah."

Aka yanka rago, aka feɗe, aka haɗa shi da na maƙwabta a kewaye da wuta a ƙofar gida. Da hantar farko ta gasu, Tani ta kawo ta da kanta, da kofin ruwan citta da lemun tsami mai sanyi. Habibu ya ci, ya kurɓa, ya buɗe ido.

"Kai! Wanga abu har cikin hanci."

"Hanta nauyi gare ta, Yaya, sai da mai tashe ta."

Da azahar aka sauke shinkafa da soyayyen kayan ciki. Ya nemi a ƙaro masa cittar, Tani ta ɗauke kofin ta ɓoye a bayanta. Ta zuba masa zoɓo da na'ana'a. Ya ce ikon Allah, a gidan ubansa an hana shi abin da yake so. Ya sha, ya ce a ƙaro zoɓon. Mahaman ya tuntsire da dariya, ya ce shi haka yake rayuwa kullum. Daɗi ya cika Tani har tana jin ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Komai yana tafiya yadda ta tsara, saura kawai ta kai shi kusa da tulu.

Sai ta ɗauki kwanon abincin Sallah ta leƙa maƙwabta, wai yanzu za ta dawo. Amma wa ke shiga gidan mutane ranar Sallah ya fito yanzu? Ana ta gaisuwa, ana tambayar Habibu, ita kuwa abin nema ya samu.

A nan gida Habibu ya je ya juya rago, ya dawo gumi sharkaf, ya ce a ba shi ruwa. Gwaggo Dije ta ga abin kunya ne ɗan gida ya zo daga uwa duniya a miƙa masa ruwan randa, ga tulu cike a inuwa. Ta buɗe, ta cika moɗa, ta ba shi.

Tani ta shigo ta tarar da moɗar a hannunsa, fuskarsa a yamutse. Kwanon da ke hannunta ya kusa faɗuwa.

"Gwaggo! Mi kika yi?"

"Ruwa na ba baƙo. Laihi ne?"

Habibu ya aje moɗar a hankali. Ya gane abin da ke ciki, an gani a idonsa. "Tsamiyar Inna kika so ki yi, ko? Kin yi ƙoƙari, ƙanwata. Amma ta Inna ba haka take ba. Wagga tsami ya yi mata yawa, haƙorana duk sun mutu." Ya dubi rana, ya laluba aljihu ya fito da makullin babur. "Bari in kama hanya kahin la'asar ta yi."

Maganar ta soki Tani har cikin rai. Ga tarko ya tsinke, ga an ce ba ta iya abin uwarta ba. Hawaye ya taho, sai fushi ya riga shi fitowa.

"Tsaya, Yaya. Yaushe Inna ta taɓa ba ka ita haka nan, baki wayam? Da mi kake shan ta?"

"Da gashi."

"Wane wuri?"

"Haƙarƙari," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Mai kitse."

"To! Don kitsen aka yi tsamin. Ka sha ta ba nama, sannan ka ce gaban Gwaggo ban iya ba? Wallahi ba ka tahiya Agadas da wagga magana. Ka ci gashi ka sha. In ka ce ba ita ba ce, da hannuna zan fasa tulun."

Habibu ya yi murmushin neman mafita. Ya ce abu mai sauƙi, Mahaman ya yanko ɗan haƙarƙari yanzu a gwada, kowa ya huta. Gwaggo Dije, wadda ke tashi da ƙyar sai an kama ta, sai ga ta tsaye cak.

"A taɓa rago yau? A gidan ga? Tun kakanninmu ba a yi ba, ba kuwa a kaina za a hwara ba. Wanda ke son gashi shi kwana!"

Tani ta ji kamar ta goya tsohuwar ta zaga gari da ita.

Habibu ya juya ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ya daɗe yana kallo. Duk gidan an san nan ne kaɗai ɗakin da babu kowa; in zai kwana, nan zai kwana.

"Na share shi," in ji Tani. "Na yi turare. Ɗaki ne kawai, Yaya."

Ya fita da makulli a hannu. Suka ji babur ya tashi a waje. Tani ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale. Sai ƙarar ta ƙaru maimakon ta yi nisa, kaji suka watse, ga Habibu yana shigo da babur ta zaure yana mitar cewa ƙofar nan har yanzu ba a faɗaɗa ta ba. Tani ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Washegari da safe aka sauke rago, ya yi ja, kitse yana naso. Mahaman ya miƙa wa Habibu wuƙa da hannu biyu. Ya tsuguna ya fara rabo, yana kiran gidaje da suna, Gwaggo tana gyara masa: wannan ya rasu, ɗansa za a kai wa, wannan ta yi aure a Safo, a aje mata nata. Wasu sunayen ya manta, wasu bai taɓa ji ba, amma bai tashi ba sai da kowa ya samu.

Sannan ya yanko haƙarƙari. Tani ta buɗe tulu, ƙamshin kajiji ya tashi, ta cika moɗa ta tsaya a kansa kamar mai jiran hukunci. Ya ci naman, ya tauna a hankali, ya kurɓa. Ya sake ci, ya sake kurɓa. Hawaye ya gangaro ya shige cikin gemunsa, bai share ba.

"Ita ce?" in ji Tani.

Ya miƙo mata moɗar ta sake cikawa. Sai da ya shanye ya ce, "Baɗi ki jiƙa da yawa. Da yara zan zo, ba su taɓa sha ba."

Tani ta goge ido da bakin zane, ta rufe tulun. "To ka gaya musu tun a hanya," in ji ta, "ba a buɗe shi sai an kwana."