Keken Kai Niƙa

Tun ranar da aka bugo wa Abdulhadi waya daga Bukkuyum aka ce matarsa Mardiyya ta sauka lafiya, an samu mace, bawan Allahn nan bai sake zama daidai ba. Ɗan kabu-kabu ne a Gummi, yana kuma taɓa noman shinkafa a fadama, mutum mai kamun kai wanda ko gaishe shi ka yi sai ya auna amsar kafin ya ba ka. Amma a makon nan ya ɗauki wata dattijuwa za ta asibiti ya zarce da ita tasha yana ta murmushi shi kaɗai, sai da ta dunguri ƙeyarsa sannan ya farga. Ya je masallaci da hula a baibai. Mai shayi ya zuba masa ba sukari, ya shanye ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba.

Abin haushi, duk murnar nan ba ta da ƙofar fita. 'Yar fari ce. A gidajensu kuwa ba a rawar kai a kan ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa gaban manya, ba ka kiran sunansa, in aka ce yana kama da kai sai ka sunkuyar da kai kamar an kama ka da kayan sata. Ga shi an mayar wa jaririyar sunan mahaifiyarsa mai rasuwa, Ummukulsum, kunya ta zama biyu. Ga shi kuma Mardiyya tana wankan jego a gidan iyayenta, gidan surukai, inda ko tari zai yi sai ya duba gabas da yamma. Ranar suna abokansa suka yi ta karɓar yarinya hannu-hannu a zaure, shi kuwa uban gayya yana gefe yana rabon goro, yana leƙen tafin ƙafarta ta ƙarƙashin hammatar wani. Har taro ya watse bai taɓa 'yarsa ba, kuma abin ya tsaya masa a rai ƙwarai.

Dabara ta faɗo masa ne a ƙofar wani kanti a Gummi, inda ya ga keken jarirai a rataye yana walƙiya cikin leda. Ya tsayar da babur ya yi lissafinsa irin na mai neman mafita. Goyo dai na mata ne. Ɗauka a hannu kunya ta hana. To turawa fa? Ya laluba kaf abin da ya taɓa ji daga bakin tsofaffi, bai tuna inda aka ce kada mutum ya tura keke ba. Kakanni ba su san abin ba, balle su hana shi. Nan take ya hango kansa yana tafe a inuwa, hannu biyu a kan ƙarfe, fuska a murtuke kamar an sa shi dole, alhali 'yarsa tana gabansa yana kallonta iya son ransa. Dariya ta kuɓuce masa a tsakiyar titi.

Mai kanti ya faɗi kuɗin, Abdulhadi ya saki keken kamar ya taɓa tukunya a kan wuta. Bayan ragon suna da kayan jego, abin da ya rage masa a duniya kuɗin buhun shinkafa ɗaya ne, keken nan kuwa ko buhu uku sai an yi ciko. Ya duƙa ya dubi tayoyin, 'yan mitsi-mitsi, ya ce wa ransa ai waɗannan ko kyauta aka ba shi rairayin Gummi zai haɗiye su. Da haka ya lallashi kansa ya hau babur, amma bai fasa ba.

A bakin abokan sana'a ya ji labarin wani Mahmuda mai gwanjo a Anka, wanda ke sauke kayan yara na hannu daga birni. Da safiyar ranar kasuwa ya kama hanya. Da ya iso mararrabar Bukkuyum sai da ya rage gudu ya kalli hanyar garin kamar mai gaida wani, sannan ya wuce.

Mahmuda gajere ne mai ƙaton tumbi da idon ɗan kasuwa. Keke biyu ne a jingine gaban rumfarsa, tsakanin tulin takalma da bahon wanka.

«Na ɗiyanka na?» in ji shi.

Kunya ta riga Abdulhadi buɗe baki. «A'a. Na wani abokina na, matatai ta haihu.»

«To in na aboki na, ga wanga.» Mahmuda ya jawo ja mai ɗigon fari, kyakkyawa daga nesa, tayarsa ɗaya tana rangaji, igiyar ɗaure yaro ta tsinke. «Kyauta ta, ba shi tsayawa bincike. Kai kau ka koma gida da canjinka.»

Abdulhadi bai yarda da ido ba. Ya tsallaka ya sayo kankana madaidaiciya, ya auna ta a hannu ya ga za ta yi nauyin jaririya, ya kwantar da ita cikin keken har da gyara mata zama. Ya tura a hankali, keke ya tafi yana ƙugi. Ya ƙara sauri kaɗan, tayar nan mai rangaji ta ci karo da bakin kwata, keke ya dungura, kankana ta yi tsalle ta faɗi ƙasa ta rabe biyu.

Salatin da Abdulhadi ya saki sai da masu takalma suka waiwayo. Ya durƙusa gaban kankanar yana ƙoƙarin haɗa ɓarin biyu. Mahmuda ya tsaya yana kallonsa, ya sosa gemu.

«Abokin nan naka, lalle kana sonai ƙwarai.»

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Abdulhadi ya kalli ƙasa ya ce, «Ɗiyata ta. Ta hwari.»

Bai taɓa faɗar kalmar a gaban kowa ba, kuma da ta fita sai madatsa ta ɓalle. Nan Anka ce, ba surukai, ba kawunnai, ba wanda ya san shi. Ya zaro waya ya nuna wa Mahmuda hoto, ya nuna wa mai kankana, ya nuna wa wani Bafulatani da ya zo sayen takalmin roba bai tambaye shi ba. Ya ce su dubi goshin, su dubi hancin, su dubi yadda ta dunƙule hannu. Mahmuda ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya shige bayan rumfa ya fito da wani keke mai taya uku manya-manya irin masu iska. Launinsa ya koɗe, rumfarsa ta yage, taya ɗaya ta sace.

«Da ka hwaɗi tun ɗazu. Wanga ba shi da kyawun gani, shi yas sa kowa ka wuce shi. Amma taka birkin ka ji. Ja igiyag ga. Hwaci kau aikinku na, 'yan babur.»

Aka sayo kankana ta biyu, aka ɗaure ta, Abdulhadi ya zaga da ita layin masu gwanjo ta kan rairayi da tsakuwa da bakin kwatar nan, ba ta ko motsa ba. Kuɗin buhun shinkafa ya isa, har da ragowar man komawa. Kankanar farko kuwa su huɗu suka zauna suka shanye ta, har da Bafulatanin.

A Gummi ya yi faci, ya wanke keken da sabulu har sau ba adadi, ya kai wa tela ya ɗinka sabuwar rumfa da ragowar atamfar Mardiyya. Ya ɗaura masa madubin babur, ya ja baya ya duba, ya ga abin ya yi yawa ya cire. Ranar Juma'a ya naɗe shi ya ɗaure a bayan babur, ya sa babbar riga, ya nufi Bukkuyum yana waƙa a cikin maƙogwaro.

A zaure ya tarar da surukinsa Malam Bello, dattijo mai ƙarancin magana. Abdulhadi ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, aka gaisa aka ƙara gaisawa. Sannan Malam ya dubi abin da aka buɗe a gabansa.

«Wanga hwa, mi na?»

Duk jawabin da Abdulhadi ya tsara a hanya ya gudu ya bar shi. Ya zai dubi uban matarsa ya ce ya sayar da shinkafa don ya riƙa yawo da 'yar fari?

«Keke na, Malam. Na... ɗaukar kaya.»

«Wane irin kaya?»

«Ƙanana.»

«Madalla. Allah shi yi albarka. Dama tsohuwa na kukan kai niƙa.»

Habsu yake nufi, mahaifiyarsa, kakar Mardiyya, tsohuwa mai ciwon gwiwa da bakin da ba ya ciwo. Kafin Abdulhadi ya haɗiye yawu an shige da keke cikin gida. Da yamma ya kira Mardiyya a waya, ta yi ta dariya ƙasa-ƙasa har tana shaƙewa. Ya ce to ta faɗa musu mana. Ta ce ita da ko shayar da yarinyar sai ta juya wa innarta baya, da wane bakin za ta faɗa?

Bayan an yi arba'in ya koma. Tun kafin ya kai ƙofar gida ya hango kekensa tafe a kan hanya, Kaka Habsu ta dafa shi da hannu biyu tana takawa gadan-gadan. Inda ya kwantar da kankana, jarkar manja ce a ɗaure da igiyar nan tsaf. A kwandon ƙasa akwai kaza, ƙafafu a ɗaure, tana leƙen duniya. Mata na yi mata barka, tana amsawa kamar mai sabuwar mota.

«Angona!» Haka take kiransa, da yake tsakanin kaka da mijin jika sai wasa. «Allah shi biya ka. Tun da kak kawo abin ga na aje sanda. Kasuwa da shi, niƙa da shi, jiya har gidan biki. Wa yac ce maka ina son atamfa mai ruwan ganye?»

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai dama don ita ya saya. A ransa kuwa kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Ƙwace wa tsohuwa abin dogarawa ba zai yiwu ba, wani buhun shinkafar kuma sai girbi ya zagayo. Kafin nan yarinya ta yi wayo, ba ta san hannun ubanta ba.

Tsohuwa ta dube shi ta gefen ido, ta daɗe tana dubansa. Ta tura kekenta cikin gida. Ya zauna a dakali yana wasa da makullin babur. Can sai ga ta ta fito tana ɗingishi fiye da ɗazu, an lulluɓe rumfar keken da zane, a kwandon ƙasa kuma kwanon gero rufe da faifai.

«Gwiwag ga ta tashi. Tashi ka kai min niƙa, tunda kai ba ka da aiki sai zaman dakali. Injin bakin kasuwa nika so, ba na kusa ba. Kuma ka bi sannu, kayan ba su son girgiza.»

Ya karɓa ba don ransa ya so ba. Bai yi nisa ba ya ji motsi a ƙarƙashin zanen, sannan wata 'yar atishawa. Ya tsaya cak. Ya ɗaga gefen zane da yatsa biyu. 'Yarsa ce kwance a kan tawul mai laushi, an yi mata kwalli, an ɗaure igiyar daidai yadda ya koya wa Mardiyya a waya. Idonta biyu, tana kallonsa da goshin nan na mahaifiyarsa.

Bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya yi ƙoƙarin murtuke fuskar nan da ya shirya tun a Gummi, ta ƙi murtukuwa. Yana cikin haka sai ga Malam Bello ya fito daga masallaci, carbi a hannu, ba hanyar kaucewa. Abdulhadi ya saki zane ya durƙusa, hannu ɗaya riƙe da keke. A daidai lokacin kayan niƙa suka yi ɗan kuka.

Malam ya ɗaga kai ya dubi sama kamar mai duban hadari.

«Niƙa za a kai?»

«I, Malam.»

«To a bi ta inuwa.» Ya wuce abinsa, bai waiwayo ba.

Abdulhadi ya bi ta inuwa. Ya bi ta bayan makaranta, ya zaga ta gindin darbejiyoyi, ya kauce wa kowane rami kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ya hango injin yana ta ruri da ƙura, ya ce wa ransa wannan ƙara ba ta dace da kunnen mutum ba, ya juya. A bayan gari, gindin wata tsamiya inda ba kowa sai awaki, ya taka birki, ya kwance igiya, ya sa hannu biyu ya ɗauke ta. Ba ta kai nauyin kankanar ba. Tun da aka binne mahaifiyarsa bai sake kiran kowa da sunan da yake kiranta ba.

«Inna,» in ji shi a hankali. «Ni na. Kin gane ni?»

Ta kama masa gemu ta riƙe. Ya yi dariya, hawaye na zuba, bai share ba don hannuwansa duka biyu suna da aiki.

Sai da aka kira la'asar ya dawo. Kaka Habsu tana zaure a kan tabarma. Ta leƙa ƙarƙashin zane ta ga yarinya na barci, sannan ta jawo kwano ta ɗaga faifai. Gero yana nan ƙwaya-ƙwaya yadda ya tafi.

«Angona, ina garin?»

«Layi ya yi yawa, Kaka.»

«Haka injin nan yake, kullum layi.» Ta mayar da faifai ta rufe. «Sai ka dawo gobe ka sake kaiwa.»