Layin Onni a Kwanar Matakala

"Ba zai wuce ba, Mama," in ji babban cikin masu motar asibitin.

Sau uku ke nan suna gwadawa. Gadon ɗaukar marar lafiya ya kai kwanar matakala ya cije, sun dawo da shi ƙasa suna haki. Onni na kwance a kai an ɗaure shi da bel, ya rame har hancinsa ya yi tsini, amma idonsa na kan bangon kamar ya zo duba aikin wani.

"Zai wuce," in ji matarsa Sirkka.

"Da me zai wuce? Ku bari mu shimfiɗa masa nan ƙasa, ko mu mayar da shi asibiti. Ana jiranmu wani wuri."

Ni ina tsaye a bakin ƙofa da tukunyar miyar kifi da matata ta ba ni in kawo. Sunana Pentti, kafinta ne ni, katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a nan garin Kuopio, inda tafki ke daskarewa lokacin sanyi. Kuma ni na yi wannan matakalar da hannuna shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, na gaya musu tun a lokacin cewa kwanar ta matse. Ba wanda ya saurare ni. Masu zanen gine-gine ne su biyun, sun zana makarantu da ɗakunan karatu da coci biyu, ina kafinta zai sa baki?

Likita ya ce kwanaki suka rage wa Onni. Abu ɗaya ya roƙa: a kai shi ɗakinsu na sama, gaban babbar tagar da ke kallon tafki, ya ga narkewar ƙanƙarar da ta rufe tafkin bana. Ƙasan gidan ofishinsu ne, tagoginsa titi suke kallo.

"Pentti," in ji Sirkka, ba ta ko juyo ba, "ajiye tukunyar nan ka ɗauko kayan aikinka."

"Yau kuma an san da ni?"

"Ka yi gorin daga baya. Santimita nawa muke nema?"

"Goma sha biyu. Yadda na faɗa tun gashina na baƙi."

Masu motar suka ba mu rabin awa. Na kwance katakon dafawa, na sa zarto a gindin ginshiƙin da ke kwanar. Sirkka ta riƙe min tef ɗin awo, tana da shekara saba'in da tara amma ita ke karanta min lamba.

Yadda suke aiki kowa a unguwa ya sani, domin ba sa sa labule. Tebur ɗaya, takarda ɗaya, suna fuskantar juna. Onni ya zana wajen gini da baƙin fensir, Sirkka ta zana cikinsa da ja. Dokarsu guda ce: ba mai goge layin wani. In layi bai yi maka ba, ka ja naka kusa da shi, a yi ta musu har gahawa ta huce. Na sha jiyo su ta katanga, sai ka rantse gobe za a raba kaya, da yamma kuma ka gan su sun fito wankan tururi fuska ja wur suna dariya.

"Wa ya zana kwanar nan?" in ji Onni daga kan gadon. Muryarsa ta dushe, sai ka kasa kunne.

"Kai," in ji Sirkka.

"Ciki naki ne."

"To wa ya nace sai tagarsa ta yi faɗin ƙofar gareji? Daga ina kake zaton na samo maka wurin? Daga matakala na yanko, tsoho."

Onni ya juyo da kai ya dube ta. Ni kuwa na tsayar da zarton. Shekara arba'in ina jin suna dangwara wa juna laifin wannan kwana, ban taɓa jin ta faɗi dalili ba, kuma daga fuskarsa na gane shi ma yau ya fara ji.

"Ba ki gaya min ba."

"Da ka rage tagar."

"Da na rage," ya ce.

Ginshiƙin ya fita. Muka ɗaga gadon mu uku, ni a tsakiya, bayana na kuka. Da muka kai kwana aka karkata shi, ya rage kamar faɗin yatsa tsakaninsa da bango.

"Ku dakata," in ji Onni.

"Baba, nauyi fa!" in ji ɗaya daga cikin masu motar.

Ya zura hannu aljihun rigarsa ta asibiti. Ashe fensirin nan na tare da shi. Ya miƙa hannu ya ja layi a kan farin bangon, daga sama zuwa ƙasa, a karkace don hannun ba ƙarfi.

"Nan ya kamata bangon ya tsaya," ya ce. "Ku wuce."

Sirkka ta ce, "Ji min mutum. Ya shigo min ciki da baƙin fensir."

Kwana biyar ya yi a gaban tagar. Nakan leƙa da safe. Ƙanƙarar ta yi toka-toka, ta fara tsagewa daga bakin gaɓa. Ba ya iya cin komai, sai Sirkka ta jiƙa masa leɓe da gahawa. Ranar Alhamis da hantsi iska ta taso daga kudu ta kore ƙanƙarar zuwa tsakiya, ruwa ya buɗe. Sirkka ta ce ya gani, har ya ce ta matsar da tukunyar fure tana tare masa gefe. Kafin ta dawo kujera ya cika.

Ta kwanar nan aka sauko da shi, ba abin da ya taɓa bango. Na ji zafin mutuwar nan fiye da yadda na zata. Mutum ne da bai taɓa cewa aikina ya yi kyau ba, amma bai taɓa ba wani kafinta aikinsa ba.

Bayan jana'iza da mako guda na dawo na mayar da ginshiƙi da katakon dafawa, don mace mai shekarunta ba ta hawa bene ba madafa. Na toshe ramukan ƙusa, na buɗe gwangwanin farin fenti. Na tsoma buroshi ke nan ta fito daga ofis.

"Me za ka yi?"

"In gyara bangon. Dubi yadda ya yi."

"Shafe ko'ina. Ban da nan."

"Sirkka, zanen fensir ne fa."

"Na san ko mene ne. Ba a gogewa."

Na zagaye shi da buroshi, na bar masa faɗin tafin hannu. Da na gama ta kira ni shan gahawa. Kan teburin zanen ta ajiye kofuna biyu, ta ba ni kujerar gefe, ba ta Onni ba.

Da zan tafi na waiga. Tana tsaye a kwanar matakala, hannu ɗaya a kan katakon dafawa, jan fensirinta a ɗayan. Ta daɗe tana kallon baƙin layin. Sannan ta ja nata kusa da shi, yatsa biyu zuwa ciki, ta mayar da fensirin bayan kunne ta hau sama.