Babu Tabo

Gwaggo ta ɗaga hannun gawar, ta ji shi sakayau kamar kara. Shekara talatin tana yi wa matan unguwa wankan ƙarshe, amma yau 'yar wanta ce kwance a gabanta.

Kafin ta shiga, wan nata ya tare ta a bakin ƙofa ya roƙe ta ta duba masa da kyau. In akwai tabon duka ko da ɗaya ne, ba zai bar wa surukin nan jikarsa 'yar shekara biyar ba, ko da za a je gaban alƙali.

Ta duba baya, ta duba wuya, ta duba har tsagar kitso. Fata sumul, sai haƙarƙari da suka fito fili.

* * *

Sau uku marigayiyar tana gudowa, kuma gidan Gwaggo take sauka. Ta ce mijin da kwaɗo yake kulle ta in zai fita. Ya ƙwace wayarta, abinci a ɗakinsa yake ɓoyewa, yakan yi wata biyu ko ci kanki bai ce mata ba. Da tari ya kama ta, sai ya ce zuwa asibiti yawo ne.

Gwaggo kuwa sai ta gani da ido take yarda. Takan ɗaga mata riga ta leƙa, ta ja tsaki.

"Ke 'yar nan, mutumin da ko marinki bai taɓa yi ba? Mu da muka sha bulala ga mu nan da ranmu. Ɗauki mayafinki."

Da kanta take mai da ita, har ta tsokani surukin cewa ga ajiyarsa ta dawo masa da ita. A zuwa na uku ba ta gama juyawa ba ta ji an danna kwaɗon. Ba ta waiwaya ba, kuma wannan ne yake cin ta.

* * *

Gwaggo ta fito daga wankan gawar hannu a jiƙe, wanta ya miƙe. Ƙarya ta zo mata har baki, kalma ɗaya da za ta ceci jikar. Amma ba ta taɓa yin ƙarya a kan gawa ba, tsoron Allah ya hana ta.

"Babu tabo, Yaya."

Bayan kwana uku surukin ya zo ɗaukar 'yarsa, masu zaman makoki suna ta yabon haƙurinsa. Kallon yarinyar kawai ya yi. Ta saki zanin Gwaggo, ta cire takalmanta ta rungume a ƙirji don kada su yi ƙara, ta bi bayansa da sanɗa.